Gyambon da Wuƙa Ke Ƙara wa Girma: Nazarin Lamarin Wata Mai Kumburin Hanji a Kaduna

Ƙafa ce ta kawo ta asibiti. Mace ce mai shekara 36, tana ɗinki a gida a Tudun Wadan Kaduna, 'ya'yanta huɗu, ba ta da ciwon suga ba ta da hawan jini. Ranar da aka ba ta gado akwai gyambo a gaban ƙwaurinta na hagu mai tsawon santimita 14 da faɗin 10, kuma ba ta iya taka ƙafar don zogi. Nauyinta kilo 52. Ta ce bara war haka ta haura 60.

Mako bakwai kafin nan ta bugi ƙarfen keken ɗinkinta, bugun da ko jini bai fitar ba. Bayan kwana biyu wani ɗan ƙurji mai ruwa ya fito a wurin kamar maruru zai nuna, sai dai ciwonsa ya fi girmansa nesa ba kusa ba. Aka sayo mata Ampiclox da dikilofenak a kemis. Ƙurjin ya fashe, bakin mikin ya yi ta buɗewa. A mako na biyu aka kira wanzami ya yi tsaga a kewayensa don mugun jini ya fita, sai kowace tsaga ta zama miki mai zaman kansa, daga baya suka haɗe. A mako na huɗu aka kai ta wani ƙaramin asibiti, aka shiga da ita tiyata aka kankare naman da ake gani ya mutu, aka yi mata allurar seftirayakson kwana biyar. Mikin da ya shiga tiyata yana santimita 6 ya kai 9 cikin kwana huɗu. Aka ɗauka kankarar ce ba ta yi zurfi ba, aka sake. Daga nan aka fara raɗe-raɗin yanke ƙafa. A gida kuwa wasu na cewa daji ne, wasu na cewa jifa ne.

Kowane mataki da aka ɗauka daidai yake da a ce mikin ƙwayoyin cuta ne, domin haka ake koyar da kula da gyambo: a cire mataccen nama, a wanke, a ba da maganin ƙwayoyin cuta. Abin da aka kasa tsayawa a kai shi ne jerin da ke bayyane. Bugu kaɗan ya haifi ƙurji, tsaga ta haifi miki, kankara ta ƙara masa rabin girmansa, kankara ta biyu ta ƙara. Gyambon da duk aka taɓa shi da ƙarfe sai ya ƙara girma cikin kwanaki, ya kamata a ajiye wuƙa a sake tunani tun daga farko.

Kamannin mikin da tambayar da ba a yi ba

Bakin mikin ya ɗago, ya yi rumfa, idan aka zura sandar auduga tana shiga ƙarƙashin fata kusan santimita ɗaya. Littattafan likitanci na cewa bakin irin wannan miki ja ne mai sirkin shuɗi, amma a farar fata aka yi wannan bayani. A baƙar fata abin da ido ke gani shi ne gefe mai duhu fiye da sauran ƙafar, baƙi-baƙi mai toka-toka kamar an ɗiga shuni, ga ɗumi da kumburi a bayansa. Cikin mikin nama ne mai laushi da mugunya. Jijiyoyin bayan ƙafa na bugawa yadda ya kamata, tana jin taɓi har yatsu, babu kumburarrun jijiyoyin jini a sharaɓa. Sannan a bayan hannunta, inda aka sa mata allurar ƙarin ruwa a asibitin farko, akwai wani ɗan ƙurji mai mugunya da ya ƙi warkewa.

Da aka tambaye ta yanayin cikinta a gaban maigidanta, ta ce lafiya lau. Sai da dare, da ya rage daga ita sai yayarta, ma'aikaciyar jinya ta lura ta shiga banɗaki sau uku tsakanin isha'i da ƙarfe ɗaya.

"Malama, wannan zirga-zirgar fa? Gudawa kike yi?"

"Ai basir ne, Sista, ya daɗe. Ba shi ya kawo ni ba."

Shekara uku ke nan tana bayan gida mai jini da majina. Yakan tashi wata ɗaya ko biyu, ya lafa, ya dawo. Yana tashinta cikin dare, idan ya matso ba ta iya riƙewa, ta gama kuma ta ji kamar da saura. Ta sha Flagyl ba adadi a kan atini ne, ta sha jiƙe-jiƙen basir da na ɗan kanoma. Duk sanda cikin ya tashi, gwiwa da idon sawu kan kumbura su yi ciwo, ta sha dikilofenak. Sau biyu idonta na dama ya yi ja aka ce afolo ne. A makon da aka kwantar da ita tana zagayawa sau bakwai a yini da dare, kowanne da jini. Mako bakwai an bar jaki ana dukan taiki.

Kunya ce ta rufe wannan labari, kuma ba laifinta ba ne. Mace a nan ba ta kwance zancen duburarta a gaban miji da baƙon namiji, balle ga ciwon da kowa ya riga ya sa wa suna basir. Wanda ke ɗaukar tarihin mai gyambo shi ke da alhakin neman wuri da lokacin da za ta iya magana, ya kuma yi tambayar filla-filla: sau nawa, da jini ko babu, yana tashinki da dare, tun yaushe.

Yadda hanji ke fitowa a fata

Kumburin hanji mai naci iri biyu ne manya. Akwai kumburin babban hanji mai miki, alsaretib kolaitis, wanda Samuel Wilks ya bayyana a Landan a 1859. Yana farawa daga dubura ya hau sama a jere, kuma fatar cikin hanji kawai yake ci. Akwai cutar Crohn, wadda Burrill Crohn da abokan aikinsa suka bayyana a New York a 1932. Ita tana iya kama ko'ina daga baki har dubura, tana tsallake wasu wurare, tana ratsa kaurin hanjin duka. A dukansu garkuwar jiki ce ta rikice take yaƙar jikin mai ita, kuma rikicin bai tsaya a hanji ba. Gaɓɓai, fata, ido, hanta da jini duk yana iya taɓawa.

Gyambon wannan mata shi ake kira fayodama gangirinosum. Likitan fata na Faransa Louis Brocq ya fara kwatanta shi a 1908, sannan Brunsting da Goeckerman da O'Leary suka raɗa masa wannan suna a Amurka a 1930 bisa zaton ƙwayoyin cuta ke kawo shi. Zaton bai yi daidai ba, sunan kuma ya zauna yana ruɗar mutane. Abin da ke faruwa shi ne fararen ƙwayoyin jini masu suna nutirofil na taruwa a fata ba tare da wani maƙiyi ba, su saki sinadaran da ke narkar da nama. Duk inda fata ta samu rauni, ko na allura ne, sai su ƙara kwararowa wurin. Wannan hali shi likitoci ke kira fataji, ana ganinsa a wajen kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na masu ciwon, kuma shi ya sa tsaga da kankara suka zame mata guba. A cikin masu kumburin hanji, mutum ɗaya ko biyu cikin 100 ne ke samunsa. Idan aka juya lissafin, kusan rabin masu wannan gyambo suna da wata cuta a ɓoye, galibi kumburin hanji, amosanin gaɓɓai ko cutar jini.

Wani abin lura: wasu alamomin na waje suna tafiya tare da hanji. Kumburin manyan gaɓɓai irin nata, da jajayen kulli masu ciwo da kan fito a ƙwauri ba su fashewa, suna tashi idan ciki ya tashi, su kwanta idan ya kwanta. Wannan gyambo, da kumburin cikin ido, da ciwon ƙashin baya, da toshewar hanyoyin maɗaciya, ba su da wannan alkawari. Suna iya zuwa ciki na lafiya, suna iya riga ciwon hanjin bayyana da shekaru.

Abubuwan da sai an kore su tukuna

Babu wani gwajin jini da zai ce ga wannan gyambo. Ana gane shi ne daga tarihi da kamanni, bayan an kore masu kama da shi. Kuma a Arewa masu kama da shi sun fi shi yawa ninkin ba ninki, shi ya sa wannan sashe na aikin ya fi kowanne nauyi: maganin da za a bayar yana danne garkuwar jiki, idan aka ba mai tarin fuka ko mai atinin amiba, yana iya kashe shi.

Ta ɓangaren ƙafa, an duba jinsin jininta aka samu AA, ke nan ba gyambon sikila ba ne, wanda ma ya fi zama a idon sawu. Suga daidai. Gyambon Buruli shi ma bakinsa na yin rumfa, amma yawanci ba ya ciwo kuma ya fi yawa a yankunan fadama na kudu. Lishmaniyar fata tana nan a Arewa, sai dai a hankali take girma, wata da watanni. Ruɓewar nama mai gudu, wadda ita tiyata ce maganinta cikin gaggawa, awoyi zuwa kwanaki take ɗauka, ba ta barin mutum mako bakwai. Saura tarin fuka na fata, naman gwari mai zurfi da kansar fata, waɗanda sai an yanki nama an duba.

A nan akwai tsaka mai wuya, tunda yanka na iya ƙara mikin. Duk da haka ana yi, sau ɗaya, daga bakin mikin haɗe da ɗan lafiyayyen gefe, da zurfi har kitsen ƙarƙashin fata. A raba naman biyu: rabi a ruwan fomalin don madubin likita, rabi a kwalba mai tsabta da ɗan ruwan gishiri don shukar ƙwayoyin cuta, tarin fuka da naman gwari. Kuskuren da aka saba shi ne a jefa duka a fomalin, ya kashe duk abin da ake son shukawa. Nata sakamakon ya nuna cunkoson nutirofil, babu kansa, babu tarin fuka, babu gwari. Shafar saman mikin da auduga ta fitar da ƙwayar sitafilokokas, amma kusan kowane buɗaɗɗen miki na mako bakwai zai fitar da wani abu. Baƙi ne suka samu masauki, ba su suka gina gidan ba, kuma biye wa irin wannan sakamako ne ke sa a yi ta canza allura babu ci gaba.

Ta ɓangaren ciki, awon jini ya nuna himoglobin giram 7.8, ƙwayoyin daskarar da jini 610,000, ma'aunan kumburi ESR 92 da CRP 118, furotin jini albumin 26, fotasiyam 3.1. Zuciya na bugawa 104 a minti. Ma'aunin tsananin kumburin babban hanji na Truelove da Witts na 1955 har gobe shi ake amfani da shi: bayan gida mai jini sau 6 ko fiye a rana, tare da ɗaya daga cikin bugun zuciya sama da 90, zazzaɓi sama da 37.8, himoglobin ƙasa da 10.5, ko ESR sama da 30. Ta cika uku. Wannan kumburi ne mai tsanani da ke kisa da kansa ko da babu gyambo. Hoton ciki bai nuna babban hanji ya buɗe fiye da kima ba, abin da ake tsoro idan faɗinsa ya kai santimita 6.

An duba bayan gida mai ɗumi sau uku, ba a ga amiba mai cin jajayen ƙwayoyin jini ba, ba a ga ƙwan tsutsar tsargiya ta hanji ba. An nemi gubar ƙwayar difisil saboda tarin maganin ƙwayoyin cuta da ta sha, babu. HIV babu, ciwon hanta nau'in B da C babu, hoton ƙirji fes. Aka leƙa ƙarshen hanji da gajeriyar na'ura, ba tare da maganin wankin ciki ba kuma da iska kaɗan. Cikakken leƙe a irin wannan hali na iya huda hanji. Abin da aka gani jan kumburi ne a jere tun daga dubura, yana zub da jini da an taɓa, babu lafiyayyen wuri a tsakani. Amiba takan bar miki nan da can da lafiyayyar fata a tsakaninsu. An ɗebi nama, wanda daga baya ya tabbatar da kumburin babban hanji mai miki.

Magani

Sakamakon nama kan ɗauki kwanaki, ita kuma ba ta da su. Don haka aka toshe ƙofofin haɗari aka fara. An ba ta metironidazol, wato Flagyl, a ma'aunin kashe amiba, domin madubi na iya kuskure ta. An ba ta aibamektin, maikirogiram 200 a kowane kilo, kwana biyu, saboda tsutsar sitironjiloidis da kan zauna shiru a hanji shekaru, ta bazu ko'ina a jiki da zarar an ba da sitiroid, maganin danne kumburi da garkuwar jiki. Mutanen Kaduna da yawa sun san maganin da sunan Mectizan daga rabon maganin makantar rafi. Kafin a ba da shi ana tambaya ko mutum ya taɓa zama a kurmin kudu, inda tsutsar lowa ke iya sa maganin ya taɓa ƙwaƙwalwa. Sannan aka fara sitiroid ɗin, haidirokotizon miligiram 100 ta jijiya kowane awa 6, da ƙarin ruwa mai fotasiyam. Aka tsayar da dikilofenak, wanda shi da ire-irensa kamar aibufurofen da Feldene na iya tayar da kumburin hanji. Aka hana Imodium, domin tsayar da hanji mai irin wannan kumburi na iya sa ya buɗe ya fashe.

An rubuta a saman katinta da manyan baƙaƙe cewa kada a kankare mikin. Wannan rubutu ya zama dole, tunda masu wankin miki suna canzawa kuma hannun kowa ya saba da gogewa. Wankin ya koma zuba ruwan gishiri mai ɗumi a hankali, babu haidirojin, babu goga da auduga. A shafa man kulobetasol mai ƙarfin kashi 0.05 a bakin mikin, a rufe da ƙyallen baselin da ba ya mannewa, a ɗora auduga mai tsotse ruwa, a naɗe da bandeji sako-sako. Ba a liƙa filasta a fata, domin ɓare ta ma rauni ne. Ana ba ta maganin ciwo minti 30 kafin a buɗe. Kowane mako ana ɗaukar hoto da waya, da rula a gefe, daga nisa ɗaya.

Zogi ne ya fara sauka, cikin kwana uku, tun mikin bai canza a ido ba. Wannan ita ce alamar farko da ake nema. A rana ta uku zagayawa ta koma sau 4, CRP 41. Da ta wuce sau 8, ko tana tsakanin 3 da 8 da CRP sama da 45, da sai a tafi ga wani maganin da ya fi sitiroid ƙarfi ko a fara shirin cire hanji. Himoglobin ya faɗi zuwa 6.9 aka ƙara mata jini leda ɗaya. A rana ta bakwai ta koma sitiroid na baki, firedinisolon miligiram 40, duhun bakin mikin ya fara washewa, rumfar ta fara kwantawa.

Wannan ma'auni na firedinisolon ya dace da abin da aka gwada. A binciken STOP GAP da aka buga a Birtaniya a 2015, an kwatanta firedinisolon miligiram 0.75 a kowane kilo da saikulosforin miligiram 4 a kowane kilo, kuma a kowane ɓangare kashi 47 cikin 100 ne suka warke cikin wata shida. Adadin na da amfani wurin yi wa iyali bayani tun farko: ko da maganin da ya dace, wata da watanni ake yi, kuma ba kowa ke warkewa da na farko ba.

Ƙafar dama

A rana ta tara sharaɓar ƙafar dama, mai lafiyar, ta kumbura ta yi tauri, ta fi ta hagu kauri da santimita 4. Sikanin jijiya ya nuna gudan jini daga bayan gwiwa zuwa cinya.

Wannan abu ne da ake iya karewa, kuma ba a kare ba. Mai kumburin hanji ya ninka sauran mutane kusan sau uku a haɗarin daskarewar jini, haɗarin kuma yana hawa sosai lokacin da ciwon ya tashi. Kumburi na ƙara ƙwayoyi da sinadaran daskarewa, gudawa na ƙafar da ruwan jiki, albumin ya yi ƙasa, sitiroid na ƙara nasa, ga kwanciya. Ita kuma tana shan ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadarin istirojin, abin da ba a tambaya ba sai a ranar. Ƙa'ida ita ce duk wanda aka kwantar da wannan ciwo a yi masa allurar kariya mai tsinka jini, inoksafarin miligiram 40 kullum, ko da yana zub da jini a bayan gida, sai fa in jinin mai kayar da mutum ne. An jinkirta ne don tsoron jinin. Tsoron ana fahimtarsa, amma jinin kumburin hanji daga kumburi yake, magance kumburin ke tsayar da shi, gudan jini kuwa idan ya ɓalle ya shiga huhu minti kaɗan ya ishe shi. A wasu ma a jijiyoyin ƙwaƙwalwa ko na hanta yake daskarewa. Sabon ciwon kai mai tsanani, farfaɗiya ko gani biyu-biyu ga mai wannan ciwo ba a ce masa zazzaɓin sauro a wuce.

Aka ba ta inoksafarin miligiram 50 sau biyu a rana, wato 1 a kowane kilo, ana lura da wuraren allurar kada su yi ƙurji. Ba su yi ba, tunda sitiroid ya riga ya kama. Jinin bayan gida bai ƙaru ba. Da ya tsaya aka mayar da ita ƙwayar tsinka jini ta ribaroksaban na aƙalla wata uku, aka dakatar da ƙwayar istirojin aka sauya mata wata hanyar da ba ta da shi, domin ba a shan ribaroksaban da juna biyu.

Bayan sallama

Ta fita bayan kwana 19, zagayawa sau biyu babu jini, mikin santimita 11 da 7. Sitiroid ba maganin zama ba ne: yana kawo suga, hawan jini, zaizayar ƙashi, hawan ruwan ido, ga buɗe ƙofa ga tarin fuka. A kumburin hanji kaɗai ana rage miligiram 5 kowane mako a gama cikin mako takwas, amma saboda gyambon an tafi a hankali fiye da haka, tare da kalsiyam da bitamin D, ana awon suga. An ja mata kunne kada ta yanke shi rana ɗaya ko da kuɗi sun ƙare, kuma kada ta ci gaba da saye a kemis da kanta don ta ji daɗinsa. Duka biyun ana gani.

Maganin da ya fi dacewa da mai hanji da fata da gaɓɓai a lokaci guda shi ne infiliksimab, miligiram 5 a kowane kilo ta jijiya a mako na 0, 2 da 6, sannan kowane mako takwas, ko ɗan'uwansa adalimumab. A gwajin da Brooklyn da abokan aikinsa suka buga a 2006 kan mutum 30 masu wannan gyambo, kashi 46 na waɗanda aka ba infiliksimab sun samu sauƙi cikin mako biyu, kashi 6 kacal a ɓangaren da ba a ba shi ba. Amma tsadarsa ta fi ƙarfin iyalin, yana bukatar sanyi tsakanin digiri 2 da 8 ba yankewa, kuma yana farfaɗo da tarin fuka mai barci, don haka sai an tantance sosai. Gwajin fata na Mantoux kan yi ƙarya ya ce babu ga wanda ke kan sitiroid. Fara shi a yanke a tsakiya don kuɗi ya fi rashin farawa muni, domin jiki kan ƙera garkuwa a kansa. Aka zaɓi azatayofirin, ƙwaya mai danne garkuwar jiki, miligiram 100, kusan 2 a kowane kilo, ana ƙidayar jini da awon hanta kowane mako a watan farko, da sanin cewa sai ya yi wata biyu zuwa uku kafin ya kama. Aka haɗa da salfasalazin giram 2 da folik asid, wanda ya fi mesalazin araha kuma yana taimakon gaɓɓai. Kafin nan an auna G6PD, sinadarin da ke kare jajayen ƙwayoyin jini, domin ƙarancinsa ya yawaita a Nijeriya, kuma salfasalazin da dafson, wanda shi ma ake ba masu wannan gyambo, suna fasa jinin mai ƙarancin.

A mako na goma, firedinisolon na miligiram 15, yayarta ta kira ta ce afolon ya dawo. Tambaya uku aka yi: akwai ciwo cikin idon, haske na damunta, gani ya dusashe? Duka eh. Babu kwantsa, ido ɗaya ne, kuma babu wanda ya kamu a gidan. Afolo yana ƙaiƙayi da kwantsa, yana bin gida, ba ya rage gani. Aka ce a kai ta wurin likitan ido a ranar, kuma mazauna Kaduna na da sauƙin wannan tunda Cibiyar Ido ta Ƙasa na cikin garin. Fitilar duba ido ta nuna kumburin cikin ido na gaba, yubiyaitis, da wani wuri da baƙin ido ya riga ya manne da madubin ido, tabon waɗancan jan ido biyu da aka ɗiga wa kuloramfenikol. Aka ba ta ɗigon firedinisolon asitet kashi 1 kowace awa da farko, da ɗigon buɗe ƙwayar ido don kada mannewar ta ƙaru, ana auna hawan ruwan ido. Ya lafa cikin mako biyar. Ɗigon sitiroid ba abin saye ba ne a kemis. Idan mikin ƙwayar cuta ne a gilashin ido, zai iya huda shi.

Gyambon ya rufe a wata na biyar, ba tare da dashen fata ba. Dashen ma ba a yin sa sai ciwon ya kwanta ana kan magani, in ba haka ba wurin da aka ɗebo fatar ya zama gyambo na biyu. Ya bar siririn tabo mai ƙananan ramuka kamar rariya, wanda shi ne hatimin wannan ciwo. An ba ta takarda ta riƙe a jaka, mai cewa duk wata tiyata, har ta haihuwa, a tuntuɓi likitanta tukuna. Cikakken leƙen hanji a wata na shida ya nuna ciwon ya taɓa babban hanji duka, amma ya kwanta. Nauyinta ya koma 58, ta koma kan keke.

Abu ɗaya ya rage a buɗe. Sinadarin hanta na ALP ya ninka iyakarsa sau uku ranar kwanciya, ya sauka da ciwon ya lafa, amma ya tsaya a ninki ɗaya da rabi, ɗan'uwansa GGT ma haka, a awo uku a jere. Ba ta da ciwon shawara, ba ta da ƙaiƙayi, sikanin hanta bai nuna komai ba. Magungunan da take sha na iya kawo haka, sai dai hawan ya riga su. Abin da ake zargi shi ne ƙanƙancewar hanyoyin maɗaciya, cutar da ke samun kashi 2 zuwa 5 na masu kumburin babban hanji mai miki, ta yi shekaru shiru, kuma sikanin yau da kullum ba ya ganinta. Hoton MRI na hanyoyin maɗaciya ke nuna ta, inda bututun ke fitowa a tsuke nan a buɗe can kamar carbi. Idan ta tabbata, leƙen hanji zai koma kowace shekara tun daga yanzu maimakon jiran shekara takwas, saboda haɗarin kansar hanji ya fi yawa ga masu haɗa biyun. An rubuta mata hoton, iyali na haɗa kuɗinsa, za a sake awon hanta nan da mako shida.